Buhun Yashi Ba Ya Koyar da Tuƙi

Shekara talatin da ɗaya na yi ina tuƙa tasi a Kano. A tasharmu kowa da abin da aka san shi da shi. Wani gudu, wani faɗa da fasinja, wani ƙure rediyo. Ni an san ni da rashin taka birki. In na hango danja ta yi ja tun daga nesa, sai in zare giya in saki motar a firi, ta yi ta silalewa da nauyinta har ta je bakin layi ta tsaya kamar an riƙe ta da hannu. Ubangidan da ya koya min tuƙi, Allah ya jiƙansa, yakan ce duk birkin da ka taka, man da ka saya ne ka tsiyayar a kan kwalta. Na riƙe maganar nan kamar karatun allo. Na faɗe ta a tasha, na faɗe ta a gida har yara suka haddace. Ban yi boko mai nisa ba, a aji biyu na sakandare na tsaya, shi ya sa ɗan abin da na sani nakan rungume shi da hannu biyu.

Bayan rasuwar mai ɗakina, 'yata ta fari ta matsa sai na je na ɗan zauna da su a Kuala Lumpur. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, Uwata nake ce mata. Tana can tana digiri na uku a fannin injiniya da tallafin gwamnati, mijinta ma yana nasa karatun, suna da 'ya ɗaya mai shekara biyar. Gidansu a unguwar Danau Kota yake, hawa na goma sha bakwai. Mutumin da ya saba da ƙasa da hayaniyar tasha, aka ɗora shi a sama kamar tantabara. Da safe kowa ya fice. In tsaya a baranda in yi ta kallon motoci a ƙasa ina gyara wa direbobinsu tuƙi a zuciyata. In jikata ta dawo daga makaranta sai ta ja min riga tana cewa, "Kaka, makan!" wato in zo a ci abinci. Hausarta a lokacin ba ta cika cokali ba.

Wata rana na tambayi Uwata abin da take yi shekara uku a ƙasar mutane.

Ta ce, "Baba, ka tuna mazarin da kakata ke kaɗi da shi?"

Na ce, "Yaya zan manta?"

Ta ce, "In ta murza shi sau ɗaya, ai yakan yi ta juyawa shi kaɗai saboda ɗan nauyin da ke gindinsa. To irinsa muka yi, amma faifan ƙarfe ne, a rufe cikin akwati a but ɗin tasi. In direba ya taka birki, maimakon ƙarfin gudun motar ya tafi a banza, sai ya murza faifan, ya yi ta juyawa yana riƙe da ƙarfin. In danja ta ba da hannu, faifan ya mayar wa tayoyi abin da ya riƙe, motar ta tashi ba ta sha mai sosai ba. Tasin cikin gari kuwa ka fi kowa sani, tsaya, tashi, tsaya, tashi."

Na gyaɗa kai na ce Allah ya yi albarka. A cikina kuwa cewa nake, direban kirki ai ba ya buƙatar duk wannan wahala.

Wata ƙungiyar masu tasi ce ta ara wa jami'arsu motoci uku na mako shida, a gwada a gani. Biyu suna ɗauke da tsohon tsarin da malaminta ya yi. Ta ukun kuwa tana ɗauke da wani ɗan kuloci mai haɗa faifan da tayoyi, wanda Uwata ta zana da hannunta. Shi ne karatunta gaba ɗaya. In ya yi aiki a cikin mako shidan nan, ta rubuta, ta kare a gaban malamai, mu koma gida tare a ƙarshen shekara. In bai yi ba, aikin shekara uku ya rushe, ga shi tallafinta a shekarar yake ƙarewa. Duk wannan na san shi tun farko. Ina so a rubuta cewa na sani.

Kowace safiya motar Uwata takan bi hanya ɗaya sau biyu, daga Danau Kota zuwa Chow Kit, ta wuce Brickfields, ta dawo. Ba a ɗaukar fasinja a lokacin, buhunan yashi ake ɗorawa a kujeru don nauyin ya zama ɗaya kullum. Da Uwata ta ga zaman gida na neman kwantar da ni, sai ta fito da sikeli daga banɗaki.

"Baba, hau nan."

Na hau. Ta duba ta yi dariya, dariyar da rabona da jin ta tun kafin rasuwar mahaifiyarta.

"Saura kaɗan ka kai buhu. Daga gobe za a sauke na kujerar gaba, kai ka zauna, ka ga gari."

Jikata ta kama tsalle tana cewa, "Kaka buhu! Kaka buhu!"

Na ce, "Ke amarya, in na zama buhu wa zai aure ki?"

Uwata ta ce, "Amma da sharaɗi, Baba. Na san halinka da direbobi. Don Allah a bar bawan Allahn nan ya yi tuƙinsa yadda aka rubuta masa."

Na ce, "Haba Uwata, ni da ko yarensu ba na ji?"

Direban dattijo ne ɗan ƙasar, sa'ana ko ya ɗan girme ni, da farar hula da ɗan siririn gemu. Motarsa tsohuwa ce, ja da fari, mai giyar hannu, ya shimfiɗa wani dogon ganye mai ƙamshi a bayan kujeru, irin wanda suke sa wa a shinkafa. Yana ce min Haji, ina ce masa Alhaji. Yarenmu ɗinki ne, guntun Turancina, guntun nasa, Larabcin da kowannenmu ya tsinto a aikin hajji, sauran kuma hannu ya ƙarasa. Amma direba da direba ba sa rasa fahimtar juna.

Kwana huɗu na yi bakina a rufe. Mutumin nan yana tuƙi kamar yadda takarda ta ce. Ya ba ta wuta har kusa da danja, sannan ya taka birki. Duk sanda ya taka, sai in ji wani siririn kuka ya taso daga but, kamar sauro ya shiga kunne, yana ƙaruwa yana ƙaruwa. In an tashi sai kukan ya sauka, motar ta ɗan tura ka ta baya. Kowane birki ji nake kamar ƙafata aka take.

A rana ta biyar muka hau wata gadar sama kafin a gangara Chow Kit. Gangara ce mai daɗi, doguwa, ga danja can ƙasa ta yi ja. Na taɓa hannunsa na nuna masa giya, na yi alamar ya zare.

Ya girgiza kai. "Tak boleh, Haji, ba zai yiwu ba. Dakta ta hana, lah." Dakta yake ce wa Uwata tun ba ta gama ba.

Na nuna ƙirjina na ce, "Ni na haifi Daktar."

Ya yi dariya ya ci gaba da girgiza kai. A zagaye na biyu da muka sake zuwa wurin, ina ganin ya ɗaga ƙafa daga totur, sai kawai na miƙa hannu na ture giyar ta faɗa firi. A motar mutum, a ƙasar mutane. Abin da da karen mota ne ya yi min a Kano, da sai na sauke shi a tsakiyar titi.

Motar ta yi tsit. Ta gangara a hankali, ta wuce wata bas, ta rage gudu da kanta, ta je ta tsaya dab da farin layi. Alhaji ya dube ni, ya dubi layin, ya bugi sitiyari.

"Masha Allah, Haji! Sake yi!"

Daga ranar abin ya zama mana wasa. A tafiya ni ke cewa "Yanzu!" ya zare giya, a dawowa shi ke zaɓar wurin. Wanda lissafinsa ya kuskure har aka taɓa birki, shi zai sayi shayi a wata mamak, wato shagon shayi, da ke Brickfields, inda wani Ba'indiye ke jan shayin daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa. Alhaji yakan ce, "Yau ma kai za ka sha a banza, tsohon ɓarawon mai." Ni kuma in ce, "Shekara nawa kana tuƙi ba ka san hanya na da gangara ba?" Tsofaffi biyu, kowa da jikoki, muna tafa hannu a bakin danja kamar 'yan makaranta. Ba zan ɓoye ba, tun rasuwar mai ɗakina ban ji daɗin da na ji a kwanakin nan ba. Na sake zama mutumin da ya iya wani abu.

Na lura kukan sauron nan ya ɗauke daga but. Na ce a raina hutawa yake. Na ma fi son shirun.

A gida kuwa fuskar Uwata ta fara canzawa. Akwai wata 'yar na'ura a motar da ke rubuta yadda faifan ya juya, kullum da rana takan kwashe ta duba. Motoci biyun malaminta suna tara ƙarfi. Tata ta yi kwana huɗu tana fin su, sannan ta mutu murus. Ran nan ta ce za ta bi mu ta gani da idonta. Ta zauna a baya da kwamfuta a cinya. Alhaji ya saci kallona, na kau da kai. Ya yi tuƙi irin na takarda, faifan ya yi ta kuka tun daga Danau Kota har Brickfields.

Ta ce, "To ga shi yana yi! Ikon Allah. Me ke damun abin nan ne?"

Sau biyu tana bin mu, sau biyu yana yi. In ba ta nan mu koma wasanmu. In an tambaye ni yau yadda aka yi ban haɗa wannan da wancan ba, ba ni da amsa mai kyau. Ina jin na haɗa, na ƙi dubawa ne. Na riƙa gaya wa kaina cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba, kuma ƙarfe ai ƙarfe ne, me ruwansa da wanda ya zare giya.

Ranar wata Asabar da azahar muna cin tuwon shinkafa da miyar kukar da na zo da ita daga gida, sai surukina ya tambaye ta inda aka kwana. Ta ajiye cokali.

Ta ce, "Abu biyu ne kaɗai ke hana shi kamawa. Ko kulocina ya gaza, ko kuma mota ba ta cikin giya, don na tsara shi ya saki kansa in an zare giya, saboda tsaro. To giya ba za a zare ba, an rubuta wa direban, kuma ga Baba a motar kullum. Da ya ga wani abu ai da ya faɗa." Ta juyo ta dube ni. "Ko ba haka ba, Baba?"

Lomar tuwo na bakina. Na haɗiye ta, na ce, "Haka ne."

Kalma biyu. Na yi wa fasinja ƙarya a rayuwata, na yi wa ɗan sanda, amma waɗannan kalmomi biyu su ne har yau in na tuna nake jin kunyar kaina. Ba tsoron faɗa ne ya hana ni ba, Uwata ba ta taɓa ɗaga min murya ba. Surukina ne a zaune. Na kasa yarda in zama tsohon da ya ɓata aikin 'yarsa a gaban mijinta.

Ta ce, "To shi ke nan, laifin nawa ne. Ranar Litinin zan kwance shi in buɗe."

Ta kwance abin da lafiyarsa ƙalau. Kwana goma sha ɗaya tana fita da sassafe, ta dawo magariba hannuwa duk baƙin mai, da yanka a yatsu. Ta daina cin abincin kirki. 'Yarta ta zo da zanen da ta yi a makaranta, ta ce mata anjima. Ni kuwa na ƙulla dabarata a zuci. Na ce in ta mayar da shi, sai mu daina wasan, abin ya yi aiki, ta ɗauka ita ta gyara, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Na kai wa Alhaji wannan dabara a mamak ɗinmu, don ko da aka cire faifan yakan biyo ya ɗauke ni mu sha shayi. Ya saurare ni har na gama. Ya daɗe yana juya kofinsa.

Ya ce, "Haji, ni ma na yi laifi, na karya abin da aka ce min. Amma ba zan shiga gaban uba in yi magana ba. Faɗa mata, lah. Yarinyar nan na gan ta jiya, ta rame."

Na ce, "Ka bari dai a mayar tukuna."

Ya miƙe, ya biya kuɗin shayinsa shi kaɗai, abin da bai taɓa yi ba. Ya mayar da ni gida, kuma a kowace danja sai da ya taka birki sosai.

Kwana biyu bayan haka na yi tapau, wato na sa aka ƙunshe min shinkafa da kaza, a wata kedai, shagon abinci da ke ƙasan gidan, na hau bas na kai mata ɗakin aikinsu a jami'a. La'asar ce, ruwan nan nasu mai zuwa ba sallama ya kece, na isa a jiƙe. Na same ta ita kaɗai, kulocin a warwatse a kan tebur, ƙananan ƙarafa a jere bisa farin ƙyalle. Ba aiki take ba. Rubutu take a kwamfuta.

Ta ce, "Sannu Baba, ka sha ruwa. Zauna." Ta nuna teburin. "Na duba komai, ba abin da ya lalace. Wannan ya fi muni. Da wani abu ne ya karye sai in canza. Tunda ba abin da ya karye, to zanen ne ba daidai ba tun daga tushe. Takarda nake rubuta wa malamina, in ce na janye shi."

Na zauna da ledar abincin a cinyata.

Ta yi ɗan murmushi, ba ta dube ni ba. "Ƙila gaskiyarka ce tun farko, Baba. Ƙarfe ba na mata ba ne."

Maganata ce. Tana 'yar shekara goma nakan same ta a cikin tasina a ƙofar gida tana murza sitiyari, ko ta leƙa ƙarƙashin bonet, in kore ta in ce ta je ta taya uwarta aiki. Ƙannenta maza duk na koya musu tuƙi, ita ban koya mata ba. Ranar da ta ce injiniya za ta karanta, abin da na ce mata ke nan, mahaifiyarta ce ta tsaya mata har na haƙura. Na ɗauka ta manta. Ashe shekara goma sha biyar tana ɗauke da ita, kuma yanzu ni na ba ta hujjar da za ta yarda da ita.

Na ce, "Uwata, ɗaga hannunki daga kwamfutar nan."

Na faɗa mata. Ban iya jera shi da kyau ba. Na fara da gadar Chow Kit, na koma kan shayi, na dawo kan ranar Asabar. Na ce Alhaji ya ƙi, ni na ture giyar da hannuna. Ina magana ina kallon ledar abincin da ke cinyata.

Na jira kuka, ko faɗa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ruwa na ta dukan kwanon rufi. Can sai ta jawo farar takarda da biro ta ajiye a gabana.

"Daga wace rana?"

"Ta biyar ko ta shida."

"Zana min hanyar. Duk inda kuke zare giya ka sa alama."

Na zana. Wannan kam na iya, ba gangarar da na manta, har wadda ke bayan tashar jirgin ƙasa a Brickfields. Wuri goma sha huɗu. Ta ɗauki takardar ta ɗora kusa da abin da na'urarta ta rubuta, tana bi da yatsa.

Ta ce, "Daidai. Ko'ina daidai." Ta rufe ido. "Ashe lafiyarsa ƙalau."

Sannan ta ce, "Baba, ka san inda na samo aikin nan? A bakinka. Duk birkin da ka taka, man da ka saya ne ka tsiyayar a kan kwalta. Tun ina yarinya nake tunanin yadda za a tare shi kafin ya zube."

Na ce ta yafe min. Ta ce, "Allah ya yafe mana. Ka je gida, Baba, kayanka a jiƙe suke." Ta riga ta juya ta fara tattara ƙarafan.

Washegari sai da muka je gaban malaminta, don in ba a bayyana dalili ba, laifin kan Alhaji zai faɗa, a kai ƙararsa ga ƙungiya. Malamin mutum ne mai sanyin magana, ya ba ni kujera, ya sa aka kawo min ruwa. Turancina bai isa wannan zance ba, saboda haka ina faɗa da Hausa, Uwata na fassarawa. Da bakinta ta gaya wa malaminta cewa mahaifinta ya ture giya, mahaifinta ya yi caca da shayi a kan aikinta, mahaifinta ya ce mata haka ne alhali ba haka ba ne. Ban ji duk Turancin ba, amma na lura a wasu wurare nawa ya fi nata tsawo. Tana rage min. Har a nan tana rufa min asiri.

Malamin ya saurara, ya yi mata wasu tambayoyi, sannan ya dube ni ya faɗi wani abu yana murmushi. Na tambaye ta me ya ce. Ta ce wai su ma sun koyi darasi, daga yau za a sa wayar da za ta riƙa rubuta ko mota na cikin giya. Na so a ce zagina ya yi.

Saura kwana tara a mayar da motoci. Kwana biyu suka tafi wajen haɗa kulocin. Safiyar da za a koma hanya, na riga kowa sauka. Buhun yashin da aka sauke domina yana nan a lungun da ake ajiye motoci, ya sha danshi ya ƙara nauyi. Na rungume shi na kai shi mota da kaina, na zaunar da shi a kujerar gaba, na ja bel na ɗaura masa. Alhaji ya zo zai taya ni na ce ya bari. Ya kama hannuna ya riƙe, ya ce, "Haji," bai ƙara komai ba. Na tsaya a bakin ƙofa har suka fita. Da ya taka birki wajen mai gadi, na jiyo kukan sauron nan ya taso daga but.

Kwana bakwai faifan ya yi aiki, ya ma fi na malamin. Amma kwana bakwai da huɗun farko ba su ne mako shida ba. Ƙungiya ta karɓi motocinta ranar da aka yi alkawari, malamai kuma suka ce sai an sake gwajin daga farko. Kafin a sami wata motar, a gwada, a rubuta, wata bakwai suka wuce. Tallafinta ya ƙare. Mijinta ya gama nasa, wurin aikinsa na kira, dole ya dawo. Aka saki gidan Danau Kota, ta koma ɗaki ɗaya da wasu ɗalibai mata. Muka taho Kano ni da surukina da yarinyar, muka bar ta. A filin jirgi sai da aka ɓamɓare hannun yarinyar daga mayafinta.

Wata bakwai ɗin nan jikata a gidana take wuni, wajen matar ƙanen mahaifiyarta. A nan ta koyi Hausa. Magana ta farko da ta iya haɗawa cikakkiya, ba gyara, ita ce, "Kaka, yaushe Mama za ta dawo?" Kullum sai ta tambaya, kullum in ce ta kusa. Ban taɓa gaya mata dalilin da ya sa uwarta ba ta cikin jirginmu ba. Yanzu ta iya karatu, wata rana za ta gani a nan.

Uwata ta gama, ta dawo da digirinta, tana koyarwa. Maganar nan ba ta sake tayar da ita ba ko sau ɗaya, ko a wasa. Alhaji kuwa ban sake ganinsa ba. Ta ce shi ya tuƙa motar gwaji na biyu, kuma ranar da aka gama ya ba ta ganyen nan mai ƙamshi ya ce ta kawo min. Ya bushe, yana cikin aljihun jakata.

Idona ya yi rauni, na daina tuƙi. Duk ranar da zan ga likita ita ke zuwa ta ɗauke ni. A can ta koyi mota, a hannun wasu, ba a hannuna ba. Tana ba ta wuta har kusa da danja sannan ta taka birki, kuma akwai wata gangara a hanyar asibitin da tun daga samanta ake hango jan wuta. In mun zo wurin nakan cusa hannuwana biyu a tsakanin gwiwoyina, in dubi waje ta taga.